Ranar da Mahaifina Ya Ce Yana Ganina a Gari

Shekarun baya, a shekarar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu, ni saurayi ne a Bagudo, ban wuce ashirin ba, kuma duk garin babu wanda ya kai ni ɗoki. Murnar 'yancin kai mun yi ta har muryoyinmu suka dushe. Amma ni babban ɗokina na keken ɗinki ne.

Rani biyu na yi a tsallaken iyaka, ƙasar da muke kira Dahome a lokacin, Benin ta yanzu, a shagon wani tela ɗan ƙabilar Dandawa. Shi ya koya mini yanka da taka keke. Na dawo gida da almakashi ɗaya da tef ɗin awo rataye a wuya, wanda ko masallaci zan je ba na cire shi, don kada wani ya manta cewa na yi karatun ɗinki a ƙasar waje. Keke ne dai babu. Da allura da zare nake fama a bakin kasuwa, in kwana huɗu a kan taguwar da keke zai gama kafin azahar. Mutanen garinmu kuwa idan sallah ta matso sai su kwashi yadinsu su shiga kwalekwale, su kai wa telolin tsallake.

Ganin sana'ar ba ta ciyar da ni, mahaifina da baffana, wato ƙanensa, suka yanke shawara a kaina. Baffa yana fatauci zuwa Gana, kuma da an gama kaka zai tafi da ni in riƙa ɗaukar masa kaya, shekara uku. Ban isa in yi musu ba. Sai dai duk lokacin da na tuna, abinci ya daina yi mini daɗi.

Ana cikin haka mai shela ya zagaya gari da wani labari. Dattawan garinmu suna da ƙungiyar gama kai ta manoma da 'yan kasuwa, inda kowa yake ajiyar abin da ya samu, wanda ya matsu a taimaka masa. A wannan shekara suka ce albarkacin 'yanci ba za su raba ribar da ta taru ba. Za su saya wa samari biyu kayan sana'a, kyauta ba rance ba. Duk mai so ya zo gindin tsamiyar kasuwa ranar Laraba ya faɗi abin da yake buƙata. Wallahi ban bari mai shela ya kai ƙarshe ba. Da gudu na isa gida na tarar da kakata tana tankaɗe, na ɗaga ta sama da rariyar da komai, tana dukana tana cewa, “Aje ni, ja'iri! Mi yas same ka?”

Sai da murnar ta lafa na ji sharaɗin. Hukuma ta turo wa ƙungiyar wani malamin gama kai, baƙo, mai keken hawa da littafi da alƙalami a bayan kunne, kuma shi ya tsara dokar. Kowane saurayi sai mahaifinsa ko wani dattijon gidansu ya miƙe a gaban jama'a, ya faɗi sunansa, ya ce ya tsaya masa. Dattawa sun amince ba tare da sun yi dogon tunani ba. Babu wanda ya tuna da ni.

Ku yaran yanzu da iyayenku suke rungume ku a ɗauki hoto, da wuya ku gane matsalar. Mahaifina shi ne shugaban ƙungiyar, ni kuma ɗansa na fari. A gidanmu, da yake akwai jinin Fulani ta wajen kakata, kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da aka haife ni bai taɓa faɗin sunana ba. Ba ya yabona, ba ya zama inda ake hirata, idan muka haɗu a hanya sai ya sami abin kallo a saman bishiya. Idan yana nemana sai ya ce wa ƙanena, “Ce ma wancan shi zo.” Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma littafin malamin gama kai bai sani ba.

Na je wurin baffa na durƙusa na roƙe shi ya tsaya mini. Ya yi dariya har da buga cinya.

“Kai yaro, ni da ka son tahiya da kai, ni zan tsaya maka ka zamna? Wa ka ɗaukar min kaya, aljannu?”

Na koma wa kakata, na ce ta yi wa ɗanta magana. Ta je ta dawo. Na ce me ya ce? Ta ce, “Cewa yay yi ya ji.” Na ce sai kuma me? Ta ce shi ke nan, ya ji.

Ranar Laraba tun hantsi gindin tsamiya ya cika. Har daga Zagga da Kurgu an zo kallo. Ni kuwa na ci ado da wandon da na ɗinka wa kaina, ɗinkin Faransa, matsattse, irin wanda ba a taɓa gani ba a garin. Da na durƙusa gaida dattawa sai na ji ɗinkin baya yana ƙara, na miƙe a hankali ina salati a zuci. Allah ya rufa asiri bai ɓarke ba, amma daga nan a tsaye na ƙarasa taron.

Mu bakwai ne masu nema. Wani abokina ne ya riga ni, shi kwalekwale da taru yake so. Mahaifinsa ya miƙe ya faɗi sunansa, ya ce ya tsaya masa, da yake shi ɗa na huɗu ne a gidansu. Mahaifina ma har da ƙarawa daga kan kujerarsa: “Yaron ga na da ƙoƙari, kowa ya shaida.”

Da aka zo kaina na zuba jawabin da na kwana biyar ina haddacewa a bakin kogi. Na ce makarantar gari tana buƙatar rigunan yara. Na ce tun da mun sami 'yanci, bai kamata wandonmu ya riƙa tsallaka iyaka kafin mu sa shi ba. Na ce idan aka ba ni keke zan koya wa wasu biyu. Jama'a suka yi shewa, wani ya ce, “Wanga yaro ɗan siyasa na!” Kaina ya kumbura.

Malamin ya duba littafi ya ce, “Madalla. Wa ya tsaya masa?”

Mahaifina ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baffa yana gefe yana murmushi.

Malamin ya ƙara tambaya, “Ina mahaifinsa? Ko ba ya raye ne?”

Wasu suka toshe baki da hannun riga. Malamin bai gane ba, sai ya juya ga mutumin da ya fi kusa da shi.

“Shugaba, kai ka san yaron nan?”

Mahaifina ya daɗe kafin ya ɗago, kuma ba ni ya kalla ba, reshen tsamiya ya kalla. Ya ce, “Ina ganinai cikin gari.”

Dariyar da aka riƙe ta fashe. Malamin ya zaro alƙalami ya ce doka ta ce wanda ba shi da mai tsaya masa a tsallake shi. A wannan lokacin na hango kaina da ƙunshin kaya a ka, ina bin baffa a hanyar Gana.

Sai mahaifina ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce wa mataimakinsa, “Riƙa min wuri. Akwai saniyata da ba ta lahiya, bari in dubo ta.” Ya sa takalmi ya wuce ta gabana ko waiwaye babu. Mu kuwa ba mu da wata saniya marar lafiya. Na ce a raina shi ke nan, na ba shi kunya har ya kasa zama. Hawaye suka cika mini ido, ga jama'a, ga matsattsen wando, ba halin in durƙushe in ɓoye fuska.

Ashe ni ne ban gane ba. Muddin yana zaune a wurin, babu dattijon da zai yabi ɗansa na fari a gabansa, don hakan cin fuska ne. Yana shan kwana bayan rumfar mahauta, wurin ya rikice. Sarkin ruwa ya fara miƙewa.

“Malam, wanda kat tambaya ɗin nan, ai ubanai na!”

Alƙalamin malamin ya faɗi ƙasa. “Mahaifinsa? To me ya sa...”

“Ɗan hwari na, malam. Ku can birni ba ku kunyar ɗan hwari? Rubuta ni, na tsaya mai. Shi yaɗ ɗinke min rumfar jirgi da hannu, damina guda ba ta zuba ba.”

Sarkin fawa ya ce a rubuta shi. Wata tsohuwa mai sayar da shinkafa, wadda ita ma tana ajiya a ƙungiyar, ta ce a rubuta ta sau biyu. Malamin yana gumi yana cewa ai doka dattijon gidansu ta ce. Duk idanu suka koma kan baffa. Ya yi ta murza hularsa, ya dube ni, ya dubi hanyar da yayansa ya bi. Daga nan ya miƙe yana tsaki, ya faɗi sunana da ƙarfi.

“Ni ka hasara, amma na tsaya mai. In ya lalata keken, da kaina zan aza mai kaya har Gana.”

Aka kore mu gefe, dattawa suka haɗa kai suna shawara. Aka aika aka kira mahaifina, ya dawo ya zauna, aka tambaye shi jikin saniya, ya ce da sauƙi. Malamin, wanda yanzu kunya ta gama kama shi, ya raɗa masa cewa a ƙa'ida shugaba ne yake faɗin sunayen waɗanda suka samu, amma idan ya yarda shi zai karanta a madadinsa. Muna kusa, mun ji. Mahaifina ya ce, “A'a. Aikina na.”

Ya miƙe. Ya ce na farko kwalekwale da taru, ya faɗi sunan abokina, aka yi tafi. Ya gyara hula. Ya yi gyaran murya sau biyu. Duk kasuwar ta yi tsit, kowa yana jiran ya ga yadda zai yi.

“Na biyu keken ɗinki,” in ji shi. “An ba Tela. Telan garinmu.”

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. A nan ne wandon ya cika alkawarinsa, ya ɓarke tun daga baya har gwiwa. Ban damu ba! Na zagaya kasuwa da gudu, tef yana tashi a wuyana, mata suna guɗa, abokina yana bina yana ihu yana cewa in tsaya in rufe jikina. Sai da na kai bakin kogi na tuna ban yi wa dattawa godiya ba, na dawo da zanen wata mai kifi ɗaure a ƙugu na durƙusa. An shekara ana ba da labarin telan da wandonsa ya ɓarke ranar da aka ba shi keke.

Bayan mako uku keken ya iso daga Jega a cikin akwatin katako, baƙi mai zanen ruwan zinariya. Samari suka tare shi da kalangu tun daga bakin gari. Abin da na fara ɗinkawa jakar tafiyar baffa ce, kuma ya tafi Gana da ɗan maƙwabcinmu.

Washegarin ranar da na kafa keken a zaurenmu, ina cikin shafa masa mai, sai na ji murya daga cikin gida.

“Tela!”

Na ci gaba da aikina, don ban saba ba.

“Tela! Ba ka ji na?”

Mahaifina ne, tsaye a bakin ƙofa da tsohuwar rigarsa a hannu, aljihu ya yage. Ni yake kira, da bakinsa, ba aike. Na taso na karɓa da hannu biyu. Ɗinkin da bai fi minti biyar ba sai da na warware shi sau uku, saboda idona ba ya gani sosai.

Daga baya ni ma na zauna a kwamitin wannan ƙungiya shekaru masu yawa, kuma mun saya wa samari da 'yan mata kayan sana'a iri-iri. Abin da na fara sa aka gyara shi ne wannan doka: kowane dattijon gari yana iya tsaya wa yaro. Na koyi cewa idan za ka taimaki mutane, sai ka fara sanin abin da bakinsu ba zai iya faɗa ba, in ba haka ba ka tsallake wanda ya fi buƙata kana ganin ka bi ƙa'ida.

Dattawan nan sun ɗauka keke kawai suka ba ni. Mahaifina ya rayu shekara ashirin da wani abu bayan wannan rana, kuma bai taɓa faɗin sunana na yanka ba har ya koma ga Allah. Amma kullum yana kirana, wani lokaci ba don komai ba, sai don ya tambaye ni ko ana samun ciniki. Yau ana ce mini Alhaji, ana ce mini Baba, ina amsawa a natse. Amma idan wani tsoho ya ce “Tela” daga bayana, har yanzu da sauri nake waiwayawa.