Gidan da Alhaji ya bai wa 'yarsa a Panyu

Ina shekara ta biyu ina karatun Sinanci a Guangzhou aka fara raɗe-raɗin gwamnati za ta sa haraji a kan gado. Ni a jarida na gani, 'yan kasuwarmu kuwa a bakin juna suka ji, har ya zama wai rabin gida za a ƙwace.

Wata Juma'a bayan an sauko, wani Alhaji mutumin Kano, mai sayen jakunkuna a Shiling, ya riƙe min hannu.

"Malam ƙarami, an ce kana karanta wannan rubutun tsutsar nasu."

Yana da gida a Panyu, da mata 'yar ƙasar, da 'ya mai shekara huɗu. Harajin ne ya tayar da shi, amma da muka zauna na gane tsoronsa na Kano ne. In ya faɗi, manyan 'ya'yansa maza da ke can za su sayar da gidan, yarinya ta rasa wurin kwana. Wasiyya kuwa ba a yi wa magaji. Sai ya ce zai ba ta kyauta tun yana da rai.

Sati biyu ina bin takardun harafi-harafi, ina mamakin yadda doka biyu ke kallon ɗaki ɗaya. Sinawa sa hannu da hatimi suke so. Amma na tuna karatun zaure: uba in ya bai wa ƙaramin ɗansa gidan da yake zaune ciki, kyautar ba ta tabbata sai ya fita, ya shekara a waje. Kwana uku ina jin nauyin faɗa masa.

"Wato in kori kaina?"

"Haka na karanta, Alhaji."

"Allah ya shirye ka. Ɗauko min akwati."

Matar ta ga akwati ta ɗauka saki ne. Na yi ta bayani da Sinancina na aji, gumi na keto min, har ta daina kuka ta soma dariya. Ta ce ba ta taɓa jin addinin da ke korar maigida don 'yarsa ba.

Ya kama ɗaki a titin Liuhua Lu. Kullum da la'asar yakan je can Panyu cin abinci, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, sai yarinyar ta ce ya shigo. Ran da ta yi fushi da shi, a tsaye ya jira har ta huce.