Kallabin Kakata a Bakin Bindiga

Maƙwabcinmu a Gomari maharbi ne, amma a biki aka fi saninsa. Shi ake kira ya harba bindigar toka idan dangin ango sun iso. Nakan leƙa ta ramin katanga in ga yadda yake ɗura ta: ya zuba albarushi daga batta, ya cusa tsumma, ya daddanna da sandar ƙarfe.

Wata Asabar na shanya kallabin da kakata ta bar mini, shuɗi mai ɗigon fari, iska ta jefa shi gidansa. Da yamma a wajen biki ya ɗaga bindiga sama. Wuta ta yi tsiri daga bakinta, tartsatsi ya watsu, hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya rufe mu. Wani ƙyalle ya sauko yana ci da wuta, ya faɗi kusa da takalmina. Na ga ɗigon fari.

Washegari na tsaya a ƙofarsa, ya fito ya gan ni.

"'Yar boko, lafiya?"

"Baba, kallabina."

Ya zaro rabin da ya rage daga aljihu, ya miƙo yana dariya. "Wannan tsumman? Ai ya yi ƙara mai kyau. Ki gode, ya je sama kafin ke."

Ban gaya wa kowa ba. Na ninke rabin na ajiye cikin jakar makaranta.

Da damina aka sa bikin 'yarsa, ya gayyato maharba daga Wulari don su ga aikinsa. Da safiyar ranar na leƙa, na hangi battar albarushinsa a gindin randa, murfin a karkace, raɓar randar tana ɗiga ciki. Mahaifiyata ta aike ni gidan da tabarmi. Na wuce ta gefen battar, na gaishe shi, na fito.

Da la'asar baƙi suka harba nasu, ƙasa ta girgiza. Ya fito tsakiyar fili, ya ja kunama. Bindigar ta yi tari kawai, ɗan hayaƙi ya silalo. Ya sake ɗurawa, ya sake ja. Haka dai.

"Malam, ko mura take yi?" in ji wani maharbi. Mata suka fashe da dariya.

Ina sahun gaba, rabin kallabin ɗaure a kaina, bai ko rufe gashina ba. Da ya juyo idonsa ya sauka a kai, ban sunkuyar da kai ba.