Igiyar Takalmin Elroy

Duk wanda ya san Lavonne Zastrow a garinsu na arewacin jihar Wisconsin ta Amurka, bakinta ya fara sani kafin fuskarta. Tun tana budurwa ta shiga masana'antar injin kwashe dusar ƙanƙara, irin wanda ake turawa ana binsa a ƙafa, ba ta fito ba sai da furfura. Ta riski zamanin injinan farko, waɗanda in ka tayar da su wuƙaƙensu ba sa tsayawa ko da hannunka ne a ciki. Maza masu dungulmin hannu kuwa ta gan su a coci har ta gaji. Da ɓarnar ta yi yawa, kamfanin ya ƙara wani ƙarfe a mariƙin injin, kamar birkin keke: ka matse wuƙa ta juya, ka saki ta tsaya. Lavonne aka ɗora kan ɗaura shi, ta kuma riƙe aikin kamar ibada.

To ga abin takaici. Mijinta Elroy, wanda ke kaɗa akodiyan, abin kiɗan nan mai maɓallai da ake dannawa da yatsu, a gidan soyayyen kifi duk Juma'a, shi ya fi kowa raina ƙarfen nan. Wai matsewar tana gajiyar masa da yatsu. Sai ya zare igiyar takalmi ya ɗaure ƙarfen tamau, wuƙa ta yi ta juyawa shi yana fito. Mutum yana cin abinci da yatsunsa, amma dubi abin da yake yi!

"Elroy, kai wane irin kunnen ƙashi ne? Da hannuna na ɗaura abin nan!"

"Shi ya sa ya yi tauri, ya ɗauko halin mai shi," in ji shi.

Duk hunturu sai ta sa almakashi ta datse igiyar, shi kuma ya zaro wata. Takalmansa duk baki a buɗe suke yawo.

Bayan ta yi ritaya, wata safiya aka wayi gari da ƙanƙara mai ruwa-ruwa, irin mai toshe bututun injin. Tana kicin tana haɗa kofi ta ji ƙarar injin ta canja, sannan ta ji muryarsa. Ta tarar da shi durƙushe, ya cusa hannun dama a hammata, farar ƙanƙara ta yi jajir. Bututu ya toshe, ya zura hannu zai buɗe, igiya kuwa tana nan ɗaure.

Ba ta yi kuka ba, zagi ta yi. Ta naɗe hannun da tawul, ta bi jinin ta tsinto yatsu biyu cikin yagaggiyar safar hannu. Ta san ana son sanyi don kada su lalace, ga kuma sanyi ko'ina kyauta. Ta zazzage gwangwanin kofi, ta cika shi da ƙanƙara, ta binne yatsun ciki ta danna da ƙarfi.

Asibitin yana da nisa, hanya kuma santsi. Tun daga gida take surfa masa masifa.

"Za su ɗinka su, wawan tsoho, ka koma kiɗanka, ni kuma in ƙona duk takalman gidan nan! Ka ji ni?"

"Na ji, Vonnie. Ki dai kalli titi."

Likitar ta buɗe gwangwanin, ta daɗe tana kallo. Ta ja Lavonne gefe ta ce yankan ya fita sumul, irin wanda ake iya ɗinkewa ne. Amma a tsumma mai danshi ake naɗewa, a ɗora bisa sanyi. Waɗannan an binne su tsirara, sun daskare har ƙashi, naman ya mutu.

Lavonne ta nemi wanda za ta zaga ta rasa. Wannan karon laifin nata ne ita kaɗai.

Ta shiga ɗakin da aka kwantar da shi. Elroy yana kwance, allura ta sa shi murmushi.

"Na gaya musu matata ta tsinto su, ba ta wasa. Yaushe za su ɗinka?"

Ta zauna a bakin gadon ta kama hannunsa na hagu.

"Ba za su ɗinka ba, Elroy. Injin ya yanke su, ni na kashe su."