Ranar da Ticha Azariya Ya Ci Gardama

Duk wanda ya yi firamare a Kafanchan a shekarun baya ya san Ticha Azariya Kumai, ko don lissafin da ya koya masa, ko don bulalar da ta raka lissafin. Haifaffen Madakiya ne. Ya koyar a Kagarko, aka dawo da shi Kafanchan, ya yi ritaya ya koma ƙauye da matarsa Hulda da 'yar gonar citta. Mutumin kirki ne, sai dai aikin malanta ya bar masa wani ciwo: ba ya yarda wani ya rufe magana in ba shi ba.

Mutum ɗaya ne yake iya masa, Ezekiyel baban Milka, tsohon ma'aikacin reluwe. Kullum in rana ta yi sanyi suna gindin mangwaron bayan coci suna dara, Ticha da tsakuwoyi, Ezekiyel da guntayen kara. Dokar ba wuya: wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi, ya cinye ɗa guda na abokin wasa. Wane ɗa? A nan gizo ke saƙa. Ticha ya ce duk wanda hannunka ya so. Ezekiyel ya ce ɗan da ke zaune cikin layin 'ya'ya uku da abokin wasa ya riga ya jera ba a taɓa shi.

"Ticha, ba a shiga gidan mutum a ɗauke masa yaro," in ji Ezekiyel.

"Baban Milka, wanda ya ci shi ke zaɓa. Reluwe ne ya koya maka wannan doka?"

Tun gashinsu na baƙi suke wannan gardama, kuma ba su taɓa gama ta ba. Hulda takan ce in ta jiyo muryoyinsu sun tashi, ta san lokacin ɗora ruwan tuwo ya yi. Ni dai a ganina darar hujja ce kawai, gardamar ce take fito da su daga gida.

Ana nan sai Dokta Faustina ta zo. Malamar jami'a ce mai bincike a kan wasannin gargajiya. Sashensu ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin wasannin waya na Abuja: kamfanin ya ba da kyamarori da mota, jami'a ta tattara wasannin, sannan a mai da ɗaya daga ciki wasan waya. Ta yi ta zuwa tana zama a kan kututture tana ɗaukar tsofaffin nan biyu a kyamara. Gardamarsu ta fi komai burge ta, ta rubuta dokokin duka biyu tana dariya.

Ranar da ta zo da Clinton, mai haɗa wasan a kamfanin, Ezekiyel yana Gwantu wajen jana'izar surukinsa.

"Baba, akwai firobulam," in ji Clinton. "Waya ba ya gardama. Dole mu sa doka ɗaya. Wanne ne orijinal?"

"Da mun jira Baba Ezekiyel ya dawo," in ji Faustina.

Clinton ya ce yau zai koma Abuja, kuma so suke wasan ya fita kafin Kirsimeti.

A Madakiya ba a yanke maganar mutum biyu a bayan ɗaya. Ko iyakar gona ce, sai an jira mai ita ya dawo ya tsaya a kan kunyarsa. Ticha ya san wannan sarai, shi da kansa ya sha tsawata wa matasa a kai. Amma ga kyamara tana kallonsa, ga ɗan Abuja da alƙalami a hannu, ga gardamar shekara da shekaru an miƙo masa ita kamar tsire a takarda. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta gaban aji.

"Ɗana, rubuta. Wanda ya ci shi ke zaɓa."

Da Kirsimeti matasa suka dawo gida, kowa da Darar Madakiya a wayarsa, da dokar Ticha kaɗai a ciki, har da sunan Ticha a ƙasa cikin waɗanda aka gode wa. Faustina ba ta ci amana ba, a rubutunta na jami'a ta kawo dokokin biyu da sunayen mutanen biyu. Amma wa ya karanta wannan a ƙauye? Waya kowa ya gani.

Ticha ya tafi gindin mangwaro ya shirya wa faɗa, har ya tanadi amsoshi. Ya tarar Milka ta riga ta nuna wa babanta wasan. Ezekiyel bai ɗaga murya ba. Ya tambayi lafiyar Hulda, ya jera karansa, suka yi wasa. Ticha ya shiga layin Ezekiyel ya ci ɗa, ya dakata yana jiran ihu. Ezekiyel ya ci gaba da wasansa kawai. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ezekiyel yana zuwa, yana wasa, yana tashi da wuri. Har Hulda ta tambaya ko baban Milka ba shi da lafiya ne.

Abin ya ci Ticha ƙwarai. Ya kira Faustina ya roƙe ta a ƙara dokar Ezekiyel. Ta ba shi haƙuri, ta ce ta riga ta yi wa mutanen kamfanin magana, sun ce sai sun ga yawan masu saukar da wasan a waya tukuna. Damina ta zo ta wuce, aka tone citta, ba a ƙara komai ba.

Wata ranar Lahadi bayan sujada a coci suka zauna. Ticha ya jera uku. Ɗan da ya kamata ya ci yana tsakiyar layin Ezekiyel, ko makaho ya gan shi. Ticha ya tsallake shi, ya miƙa hannu can gefe ya ɗauki wani karan da bai tare wa kowa hanya ba.

"Ba a shiga gidan mutum a ɗauke masa yaro," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, bai ɗago kai ba.

Ezekiyel ya dube shi. Ya karɓi karan daga hannunsa ya mayar raminsa. Sannan ya zare na tsakiyar layinsa da kansa, ya buɗe tafin hannun Ticha ya sa masa.

"Ɗauka, Ticha. Waya ya riga ya faɗa."

Ticha ya riƙe guntun karan nan ya rasa inda zai ajiye shi. A duk shekarunsu bai taɓa jin an cinye shi kamar ranar ba.