Ƙwan Ƙadangaren Ammi Saleh

A watan Janairun 2011, shekarar da ruwa ya ci titunan Jidda, Adamou ya haɗu da Saleh. Adamou mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar, ɗan dako a tashar jiragen ruwa. Kafilinsa, maigidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya rufe kamfani ya ɓace, saura wata guda iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, ta mutu. Ya fake a ƙofar wani kantin tsuntsaye a unguwar Bagdadiyya, jiƙe sharkaf, zazzaɓi na kaɗa shi. Kantin irin na da ne, mai benci a ƙofa da butar shayin da ba ta hucewa. Mai kantin, Saleh, dattijon Balarabe, ya ba shi shayi, ya saurari labarinsa, sannan ya ce, "Halas, ya waladi," wato shi ke nan, ɗana. Ya mai da kafalarsa hannunsa, ya ba shi aiki. Sau uku Adamou ya so yin godiya yadda ya kamata, sau uku dattijon ya miƙa masa tsintsiya.

Shekara goma sha biyu suka yi tare. A cikin dabbobin kantin akwai guda da ba ta sayarwa: wata ƙadangaruwa mai gemu, irin na Ostireliya, launin yashi, wadda Saleh ke kira Malika. Takan kwanta a kafaɗarsa yana sauraren rediyo. A bazarar 2023 shanyewar jiki ta kwantar da Saleh, hannun dama da harshe suka tafi. Ɗansa Mohannad ya yanke shawarar rufe kantin. A makon ne Malika, wadda ta jima tare da namiji a keji, ta saka ƙwai goma sha tara. Wahalar ta fi ƙarfin shekarunta, bayan kwana biyu ta mutu. Ba wanda ya iya gaya wa dattijon. Duk wanda ya shiga gaishe shi, sai dattijon ya taɓa tasa kafaɗar da hannun hagu yana tambaya da ido.

Adamou bai taɓa ƙyanƙyasar ƙwan ƙadangare ba, amma ya sha ganin Saleh na yi. Ya samo akwatin soso na masu kifi, ya zuba ƙasar shuka mai danshi, ya ɗiga wa kowane ƙwai alamar fensir a sama, ya kai gidansa a unguwar Nuzla. Zafin Jidda ya yi wa ƙwan yawa, don haka ya ɗora akwatin a kan kabad kusa da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, har ma'aunin zafi ya tsaya a digiri ashirin da tara.

"Baban Hikima," in ji matarsa Hadjara, "mazan mutane na kawo kaza gida, kai ka kawo mini jikokin ƙadangare? A garinmu da dutse ake gaishe su."

"Waɗannan na birni ne, suna da gemu."

"To su yi maka limanci."

Rana ta goma sha ɗaya ya dawo daga aikin sito da ya samu, ya leƙa, bai ga alamar fensir a ƙwan da ke gaba ba. Ya ƙwala wa matarsa kira.

"Hadjara, wa ya taɓa ƙwan nan?"

"Ni mana. Kai kana can, ko sau ɗaya ba ka juya su ba. Ƙwan da ba a juyawa ai dungu yake yi. Zabi nawa na ƙyanƙyashe wa Inna kafin ka san hanyar gidanmu?"

Adamou ya zauna a bakin gado. Laifinsa ne, bai gaya mata ba. Ƙwan kaza ana juya shi, amma ɗan ƙadangare manne yake a saman ɓawo, in aka kifa shi sai ya mutu. Da ya bayyana mata, ta dafe baki. Ashe duk ba'ar da take yi, kullum da safe sai ta hau kujera ta yi musu hidima.

Ya sauko da akwatin a hankali. Can jeren baya, ƙwai biyar na nan da ɗigonsu a sama.

"Waɗannan fa?"

"Hannuna bai kai ba," ta ce a sanyaye.

"Alhamdu lillahi da Allah ya yi ki gajera."

Ta jefe shi da matashi, tana dariya tana share ido.

Goma sha huɗun suka yi rawaya ɗaya bayan ɗaya, suka lotsa. Biyar ɗin suka yi ta kumbura. Hadjara ce ta karɓi tsaron ma'auni, ta hana kowa buɗe taga. Rana ta sittin da uku, da hantsi, wani ɗan kai ya tsaga ɓawo ya leƙo, ya yini a haka kamar mai shawarar fitowa. Huɗu suka fito, ɗaya bai yi ba.

Adamou ya jira mako shida har suka yi ƙwari. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya zaɓi wadda ta fi kama da uwar, ya sa a kwali, ya tafi gidan Mohannad.

"Ammi Saleh," ya ce, wato Baffa Saleh, ya durƙusa gefen gado. "Malika ta rasu. Ga 'yarta."

Dattijon ya rufe ido, ya jima. Sannan ya buɗe tafin hagunsa. 'Yar ƙadangaruwar ta tsaya a kai, ta bi hannun riga, ta haye kafaɗa ta lafe. Leɓen Saleh ya motsa, yana ƙoƙarin haɗa kalma.

"Halas, Ammi," in ji Adamou. Ya ajiye gwangwanin tsutsar abincinta a kan tebur, ya kunna rediyo, ya ɗauki takalmansa ya fita.