Mai Kwalekwalen Kogon Teku

Shekara arba'in Kawu Sawaeng yana shigar da mutane kogon teku a Phang Nga da kwalekwalensa. Sai ruwa ya janye sannan bakin kogon ke buɗewa.

Ranar da na zo daga haikalin da aka ƙone gawar 'yata Lamai zan zuba tokarta a tafkin da ke ciki, mun makara, ruwa ya fara dawowa.

"Kwanta rigingine, Malama," ya ce. "Dutse bai san digiri ba."

Na kwanta, tulun tokar a ƙirjina kamar lokacin shayarwa. Rufin kogon ya wuce a hankali, muka fito tafkin cikin koren haske. Na kasa buɗe tulun.

"Kawu, hanya za ta rufe."

"Za ta buɗe da yamma. Ba na sauri."

Da yamma na buɗe tulun, na sake ta.