Taram ɗin Kalkata a Yashin Gonarmu

Ko da ƙwaƙwalwata ta zube ƙasa kaji sun tsattsage ta, ba zan manta da ranar da na buɗe layin taram a Kurfey ba.

A shekarar, malaminmu na tarihi a lakwal ya ba kowa batun da zai yi bayani a gaban aji. Ni da yake sarkin surutu ne, ya ɗora mini tarihin taram a biranen Indiya da Pakistan. Na ari wayar yayana na yi ta tono. Ashe taram ɗan jirgin ƙasa ne mai bin tsakiyar titi. A Kalkata da Bombai dawakai ne suka fara jan sa kafin zuwan lantarki, domin a kan dogo doki yana jan nauyin da a ƙasa ko motsa shi ba zai yi ba. Har hula aka riƙa sa wa dawakan saboda rana. Daga baya motoci suka yi yawa, Bombai da Karachi suka tuge nasu, Kalkata ta riƙe nata. Aji ya fashe da dariya, malam ya ce in rage ƙari. Ranar da na fara faɗin gaskiya tsantsa a duniya, ranar aka ce ƙarya nake!

Da kaka ta yi, zazzaɓi ya kwantar da Baba, muka makara wajen kwasar gero. Sai maigari ya sa aka yi shela cewa ranar kasuwar Filingue da la'asar makiyaya za su saki shanu cikin gonaki. Abin da ya rage a fili ya zama nasu. Ranar, rana ta karkata, amalankenmu ɗauke da dammunan gero ya nutse a yashin busasshiyar ƙorama, ga wasu jibge a gona. Can kan tudu shanu sun jeru suna kallonmu kamar baƙin da suka riga suka wanke hannu.

Muka tura har idona ya kusa faɗowa. Jaki ya ce shi ya yi ritaya.

Na ruga gida, ni da ƙannena muka jawo azarar giginya da Baba ya tanada don rufin ɗakin Inna, azarar da ko ƙuda bai yarda ya sauka a kanta ba.

"Kai, wanga yaro! Mi kake yi da azarata?"

"Dogo zan shimfiɗa, Baba, irin na Kalkata."

"Kalkata ɗiyar wa ce? In guda ta karye, bayanka zai yi bayani."

Baba ya biyo mu har ƙorama. Na tone yashi a gaban tayoyin na cusa azara. Karon farko taya ta zame, jaki ya waiwayo ya yi mini kallon raini. Na juya azarar, shafaffen gefen ya koma sama. Na ƙwanƙwasa kwano da cokali a madadin ƙararrawar taram, Baba ya daka wa jaki tsawa. Amalanke ya yi ƙara, ya girgiza, ya hau! Muka riƙa ɗauko azarar baya muna kaiwa gaba. Wani saurayi makiyayi ya gangaro yana dariya, ya jingine sandarsa ya kama mana, yana cewa, "Direba, ina tasha ta gaba?"

Muka yi ta komawa gona muna kwasowa. Dami na ƙarshe yana haye ƙorama, shanu suka kwararo gonar kamar ambaliya. Ko zangarniya ba su samu ba, sai kara. Baba ya bi azararsa ɗai-ɗai yana shafawa, bai ga tsaga ba. Ya cire malafarsa ya kifa mini a ka, ya ce da maƙwabcinmu, "Ka gan shi nan? Ni na sa shi lakwal."

Tun ranar na gane cewa ilimi ba shi da garinsu. Abin da wasu suka tuge suka yar a can ƙarshen duniya yana iya cika rumbunku a nan.